Bajapanen Ƙofa

Ba kowane gari ake yi wa baiwar mutum irin Malam Mujitaba Idi ba. Kiru ba ta samu ba. Bebeji, duk da tsufanta da tarihinta, iyakar abin da za ta ce shi ne a ƙasarta Ƙofa take, a Ƙofa kuma aka haife shi. Shi ne mutum na farko a garin da ya sa tabarau ba don ciwon ido ba. Shi ya fara riƙe waya biyu a hannu ɗaya, da makullin mota a ɗan yatsa, ko da kuwa motar ta daɗe a wajen bakanike a Kwanar Ɗangora. In ka gaishe shi, yakan ɗan dakata kafin ya amsa, don ka san daga cikin zurfin tunani ka ciro shi.

Sana'arsa sayar da taki da iri da maganin feshi, a wani shago da ke bakin titi. Sai dai shi bai yarda da kalmar shago ba. A allon da ke saman ƙofar, cibiya aka rubuta, kuma duk yaron da aka aiko ya ce shago, sai an gyara masa kafin a auna masa taki.

Da wannan kaɗai ma ya isa a tuna da shi. Amma a bara kamfanin da yake sarin taki a wajensu ya tara dillalansa taro a wani otel a Abuja, Malam Mujitaba yana ciki. Da aka fita hutun hantsi, sauran dillalai suka yi layi a gaban shayi da burodi da ƙwai, kamar yadda iyayensu za su yi. Shi kuwa ya hango wata mata da kwamfuta a cinya, tana kurɓar wani abu kore shar a kofin gilashi, da farin kumfa a samansa. Ya je wajen mai haɗawa ya nuna da yatsa. Aka ce masa sunansa maca latte: garin ganyen shayi ne na ƙasar Japan, a kaɗa shi da ruwan zafi, a zuba madara. Daga baya yakan ce a kurɓar farko rayuwarsa ta rabu gida biyu. Wani dillali ɗan Kiru da ke kusa da shi ya ce shi dai ya ga idonsa ya kawo ruwa. Malam Mujitaba bai musa ba. Ya ce hawayen fahimta ne.

Ya dawo Ƙofa da wani ɗan gwangwani wanda bai fi na tumatir girma ba, da kwano mai kauri, da siririn cokali na gora, da ɗan maburgi mai gashi-gashi shi ma na gora, da ƙaramar rariya. Ya share saman kabat ɗin falo ya jera su. Ya kira matarsa Kulsum ya nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma gaya mata cewa kallo ya halatta, taɓawa ce dai ba a yi.

Mahaifiyarsa, Hajiya Kande, ta shigo ta tarar yana tankaɗe koren garin. Ta tambaya ko kuka ce, in kuma ita ce, me ya sa ya sayo 'yar wannan alhali akwai buhu a ɗakinta. Malam Mujitaba ya ajiye rariya, ya cire tabarau.

"Inna, wannan ganye a inuwa ake renonsa, rana ba ta ganin fuskarsa. Da dutse ake niƙa shi, a hankali, ba a magana kusa da shi. Sarakunan Japan ne suke sha kafin su yanke hukunci. Haɗa shi da kuka, Inna, kamar a haɗa jirgin sama ne da amalanke."

Hajiya Kande ta ce Allah Ya kyauta. Ta kurɓa sau ɗaya don kada ransa ya ɓaci, daga nan ta tuna cewa likita ya hana ta duk wani abu kore. Da rana ta ci tuwonta da miyar kuka.

Haɗa maca a gida ba aikin gaggawa ba ne, kuma Malam Mujitaba bai taɓa yi masa gaggawa ba. Ruwan ma da ƙa'idarsa: ya yi zafi amma kada ya tafasa, don tafasasshen ruwa cin mutuncin ganye ne. Domin ya tabbatar da ƙa'idar, ya sayo ma'aunin zafin jiki a kemis, irin wanda ake sa wa mai zazzaɓi a hammata, ya tsoma a buta. Ma'aunin ya yi ƙara ɗaya ya fashe. Aka zubar da ruwan, aka wanke butar da toka. Malam Mujitaba ya ce abin da ya daɗe yana faɗa ke nan, kayan ƙasar nan ba sa jure aikin ƙasar waje. Daga ranar ya koma auna ruwa da ido, yana tsugune a gaban murhu, ya hana kowa tari.

In ruwa ya yi, sai tankaɗe. In an tankaɗe, sai kaɗi. Shi ma kaɗin ba irin na miya ba ne da ake zagayawa. Gaba da baya ake yi, da sauri, hannu yana zana harafin M. Yakan tsaya a nan ya tambayi duk wanda ke kusa ko ya lura da wane harafi sunansa ya fara. Ba ya ƙara komai a kai. Yana barin mutum ya yi tunani da kansa.

Madara ce ta ɗan ba shi wahala. A Abuja an ce masa da madarar hatsi aka haɗa, don masu ilmi sun bar ta saniya. Saboda haka Suwaiba, Bafulatanar da ke kawo wa gidan madara da nono tun yana saurayi, aka sanar da ita cewa zamani ya wuce ta. Ya sa Kulsum ta jiƙa gero, ta kai markaɗe, ta tace. Kulsum ta dubi abin da ke cikin roba ta ce, a hankali, wannan ai gasara ce. Ya ce suna ya danganta da wanda ke riƙe da kofi. Da aka ɗora a wuta, madarar hatsi ta yi abin da gasara ta saba yi. Ya juye ta a kan maca, ya samu koko kore mai kauri, wanda maburgin ya tsaya a cikinsa cak ba tare da an riƙe shi ba. Washegari aka ga ƙullin madarar gari a saman kabat. Ba wanda ya tambaya, amma ya yi bayani: bincike yana ci gaba.

In ya gama haɗawa ba ya sha nan take. Sai ya fito da kofin ƙofar gida, ya ɗora a inda haske ya fi kyau, ya ɗauki hoto ta gabas, ya ɗauka ta yamma, ya sa a waya don jama'a su amfana. Kafin ya gama, abin ya huce. Sai ya kurɓa kaɗan, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Samarin da ke zama a wajen cajin waya su suka raɗa masa Bajapane. Ya ji, ya yi murmushi, ya sa aka rubuta masa a gilashin bayan mota. Abin shan kuma, da yake bakin mutanen gari bai saba da latte ba, sai ya koma shayin latti. Sunan ya zauna, don duk wanda ya tsaya jiransa da safe, sai dai ya je gona gobe.

Da abin ya tsaya a gida, da ba wanda zai sha wahala sai Kulsum. Amma a daidai wannan lokaci Alhaji Alkasim, shugaban ƙungiyar manoman garin, ya ce tsufa ya kama shi, zai sauka kafin damina. Kujerar ba ta wasa ba ce. Shugaba ne ke tsara gonar da tarakta za ta fara shiga, shi ke magana da yawun gari in an zo rabon iri, shi ke sasanta manoma da makiyaya in an yi ɓarna. Dattawan da ke zama a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Alhaji Alkasim su ne masu zaɓe. Mutum biyu suka nuna sha'awa. Ɗaya Mas'ud ne, wani manomin rani mai yawan shiru, wanda duk abin da ya iya shi ne noma da zama lafiya da mutane. Ɗayan kuma Malam Mujitaba.

Ran wata Asabar da hantsi ya iso majalisar da kayansa a kwali. Ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa sabon ƙyalle a tsakiyar tabarma, ya yi zama irin na tahiya, ya jera kayan aiki.

"Iyayena," in ji shi, "ban zo neman kujera ba. Kujera ce ke neman wanda ya ga duniya. Me ya sa Japan ta yi mota, mu muna jiran tarakta ɗaya? Ba ƙasa suka fi mu ba, ba ruwan sama suka fi mu ba. Abin da suke sha da safe ne. Mutumin da ya karya da koko, tunanin koko zai yi. Yau zan buɗe muku ƙofar da aka buɗe mini."

Ya tankaɗe, ya kaɗa, ya yi tambayar harafin M. Inuwar darbejiya ta matsa, dattawa suka ja tabarma suka bi ta, shi bai gama ba. Daga ƙarshe aka miƙa wa kowa kofinsa.

Dattawan Ƙofa mutane ne masu kara. Ɗan gari ya kawo abu da hannunsa, ya durƙusa ya miƙa, ba a mayar masa. Alhaji Alkasim ya kurɓa, ya dubi nesa, ya ce madalla. Baba Mamman, wanda ya fi kowa shekaru a wajen, ya riƙe nasa a baki, ya duba dama ya ga Liman, ya duba hagu ya ga Mujitaba na kallonsa, sai ya haɗiye. Malam Sale, tsohon direban babbar mota da ya ce ba abin da bai ci ba tsakanin nan da Fatakwal, ya tambaya a hankali ko haka ɗanɗanon yake ko kuwa wani abu ne ya faɗa ciki. Aka ce masa haka yake. Ya ce to alhamdu lillahi. Liman Mu'azu ya shanye nasa, ya goge baki, ya ce lallai Allah Ya halicci abubuwa iri-iri.

Malam Mujitaba ya koma gida ya gaya wa Kulsum cewa zaɓe ya ƙare, saura rantsuwa. Kafin ya bar majalisar kuma ya yi musu albishir: daga yanzu duk Litinin da Alhamis, ranakun da majalisa ta fi cika, zai riƙa kawowa.

Ran Litinin ya zo, ya haɗa, ya fara miƙa wa Liman. Liman ya ɗaga hannu ya ba da haƙuri, ya ce ai kowa ya sani shi yana azumin Litinin da Alhamis tun yana matashi. Kofin ya wuce shi. Sauran dattawa suka bi kofin da kallo, sannan suka dawo da kallonsu kan Liman. Sun yi shekara da shekaru suna zama da shi, amma ba su taɓa ganin hasken ibada a fuskarsa kamar na ranar ba.

Ran Alhamis Baba Mamman ya zo da azumi. Litinin ta gaba, majalisa gaba ɗaya.

Kada wani ya zaci ƙarya suka yi. Dattawan Ƙofa ba sa wasa da ibada. Da niyyarsu suka kwana, suka tashi sahur, matansu na mamaki. Malam Sale, wanda ko a watan Ramadan sai an yi ta fama da shi kan ƙorafin ƙishirwa, ya zauna a tabarma leɓɓansa a bushe, fuskarsa cike da kwanciyar hankali.

Malam Mujitaba bai ga komai a ciki ba sai alheri. Ya ce dama an san maca tana tsarkake tunani, ga shi kofi biyu kacal sun juyo da zukatan dattawa zuwa lahira. Abin da ya riga ya haɗa kuma ba a zubarwa, sai ya juye a fulas ya kai cibiya. Duk wanda ya zo sayen taki sai an ba shi kofi kafin a saurare shi. A 'yan makwannin nan manoman Ƙofa da yawa suka gano cewa Kwanar Ɗangora ba ta da nisa kamar yadda suke zato.

Da yake mutum ne mai tausayi, bai so dattawa su yi asarar rabonsu ba, sai ya mayar da kawowar Talata da Laraba. A nan ne aka ga zurfin ilmin mutanen garin. Wani ya tuna yana da ramuwa tun wata rashin lafiya da ya yi shekarun baya. Wani ya tuna falalar kwana ukun tsakiyar wata. Wani ya tuna wani alwashi da ya ɗauka lokacin da bijiminsa ya ɓata. Baba Mamman, da tsufansa, ya ɗauki azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a huta, kuma cikin ikon Allah ranar hutunsa ba ta taɓa haɗuwa da ranar kwalin Mujitaba ba. Majalisa ta rame. Hira ta ragu. Masu ƙosai da waina na ƙofar gidan Alhaji Alkasim suka koma bakin tasha.

Wata Juma'a bayan an sallame, Liman Mu'azu ya ce yana da 'yar magana. Ya ce ya daɗe yana kwaɗaitar da mutanen garin nan azumin nafila, muryarsa har ta dushe, ba wanda ya motsa. Sai ga shi Allah Ya kawo wani bawansa, wanda ba zai ambaci sunansa ba, ya yi cikin ɗan lokaci abin da wa'azi ya kasa. Ya roƙi jama'a su sa shi a addu'a. Malam Mujitaba, a sahun gaba, ya sunkuyar da kai cikin tawali'u. Ya tabbata da shi ake, kuma a wannan karon ya yi daidai.

Washegari ya zo majalisa ba kwali, sai fara'a.

"Iyayena, na yi tunani. Bai kamata ibada ta hana ku rabonku ba, bai kuma kamata rabonku ya hana ku ibada ba. Daga jibi, da an kira magariba, ina nan da fulas. Da maca za ku riƙa buɗa baki, kullum, har ranar zaɓe. In kuka ba ni kujerar kuma, har bayan zaɓe."

Baba Mamman ya dubi Alhaji Alkasim. Alhaji Alkasim ya dubi ƙasa, sannan ya ce ya lura hadari ya fara haɗuwa ta kudu, bai kamata a bar ƙungiya ba sabon shugaba ba. Zaɓen da aka sa sai wata mai zuwa, gobe za a yi shi.

Aka yi, Mas'ud ya ci. Ba a faɗi yawan hannuwan da aka ɗaga wa kowa ba, saboda kara.

Sai dai dattawa sun san aiki bai ƙare ba. Mutumin da ya faɗi zaɓe yana da lokaci, Malam Mujitaba kuma yana da sauran gari a gwangwani, ya ma aika a ƙaro masa. Suka keɓe suka yi shawara. Da suka dawo, Alhaji Alkasim ya ce ƙungiya ta ga cewa basira irin ta Mujitaba ta fi ƙarfin gari ɗaya, zalunci ne a tsare ta a Ƙofa. Don haka an ƙirƙiro sabon muƙami, Jakadan Ƙungiya a Ƙasashen Kudu. Zai riƙa zuwa Doguwa yana zama da manoman can, yana ƙulla zumunci, yana koya musu abin da ya sani. Ba a so ya yi gaggawar dawowa.

Malam Mujitaba ya miƙe ya gyara tabarau. Ya ce dama ya san shugabancin cikin gida na masu ƙaramin hange ne, shi ya sa bai matsa ba. Ya yi wa Mas'ud fatan alheri da tarakta. Ya ce tarihi zai tuna cewa daga ƙarƙashin wannan bishiya wayewa ta kama hanyar kudu.

Kulsum da kanta ta haɗa masa kaya. A ranar aka ɗage mata dokar taɓawa, ta kuwa nuna ta cancanta: kwano, cokali, maburgi, rariya, gwangwani, fulas, ba abin da ta manta. Har ta bi shi ƙofar gida da ƙullin madarar gari. Da motar da ta ɗauke shi ta ɓace, ta aika a gaya wa Suwaiba ta dawo da kawo nono.

A makon nan aka yanka rago a majalisa, ba suna ba biki. Masu waina suka dawo. Liman Mu'azu ya ci gaba da azuminsa shi kaɗai.

Labarin da ke zuwa daga Doguwa mai daɗi ne, don Malam Mujitaba ne ke aiko shi. An karɓe shi hannu bibbiyu. An ba shi masauki. Dattawan can sun fi na Ƙofa saurin fahimta. Hotuna suna ta shigowa waya: kofi a kan dutse, kofi a gaban gonar dankali, kofi a hannun wani tsoho da ke kallon wani waje.

Ana nan, wata ranar Laraba da hantsi, mai babur ya sauke wani dattijo a ƙofar gidan Alhaji Alkasim. Doguwar riga ce a jikinsa, da alama da can ta yi masa daidai. Ya yi sallama, aka ba shi wuri, aka kawo masa ruwa ya ce a bar shi, yana azumi. Ya ce sunansa Malam Muzammil, manoman Doguwa ne suka turo shi. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi hanya. Sannan ya gyara zama.

"Alhaji, mun ga jakada, mun gode. Mutumin kirki ne, ba shi da rowa. Mu dai a iya saninmu ba mu taɓa yi wa mutanen Ƙofa laifi ba, in kuma an yi a baya ba mu sani ba, a yafe mana. Ruwa ya sauka a wajenmu. Mutanenmu suna buƙatar su ci abinci da rana su yi huɗa. Shi ne aka ce in zo in roƙi arziki, a taimaka a karɓe shi."

Alhaji Alkasim ya saurara har ƙarshe. Ya dubi Baba Mamman, wanda ke tsakiyar cin waina. Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda hadari ya fara duhu.

"Malam, mun ji, kuma wallahi mun tausaya," in ji shi. "To amma ka ga mu ma ruwan yana hanya. Kun gwada Tudun Wada?"